Farautar barewa da libarba a Amurka: Da muguwar rawa gara ƙin tashi

A duk lokacin da watan Nuwamba ya kama, ganyayen itatuwa suka zube, sanyi ya fara busawa a arewacin Amurka, miliyoyin mutane ne ke saɓa bindigogi su nufi daji farautar barewa. A jihar Michigan ranar 15 ga watan ake buɗe farautar bindiga, a Wisconsin kwana tara ake bayarwa, a garuruwa da dama na Pennsylvania kuwa an daɗe da al'adar ba yara hutun makaranta saboda ita. Mafi yawan waɗannan mafarauta na riƙe ne da doguwar bindiga mai madubin hangen nesa, wadda ke iya kayar da dabba daga nisan mita 300. Amma akwai wasu 'yan tsiraru da ke barin irin wannan bindiga a gida da gangan, su rataya libarba, wato bindigar hannu mai juyi, su ɗura mata harsasan da suka haɗa da hannunsu a kan teburi, sannan su shiga daji neman dabbar da ta fi su ji, ta fi su sansana, ta kuma fi su gudu.

Wanda ya fara jin wannan labari zai iya ɗaukarsa neman suna, ko kuwa irin abin da ƙoshi ke sa mutum ya yi. Ban ce babu masu irin wannan hali a cikinsu ba. Sai dai da na bi tarihin al'amarin da ƙa'idojinsa, abin da na fahimta shi ne mutumin da ya zaɓi ƙaramin makami ya ci bashin da mai babban makami bai ci ba. Dabbar ce kuwa ke bin sa wannan bashi: ko dai ya kashe ta nan take ba tare da azaba ba, ko kuma ya ƙyale ta ta yi tafiyarta. Duk wani yabo ko suka da za a yi wa wannan farauta, a kan biyan wannan bashi ya rataya.

Barewar da ta kusa ƙarewa

Ya kamata mu fara sanin dabbar da ake magana a kanta. Ta bambanta da barewar da muka sani a dazuzzukanmu, ina kiran ta da wannan suna ne kawai domin shi ne ya fi kusa. Namijinta yakan kai nauyin kilo 70 zuwa 130, yana kuma da ƙaho mai rassa kamar na itace, wanda ke faɗuwa kowace shekara wani sabo ya tsiro. Ana ce mata mai farar wutsiya, domin idan ta firgita takan ɗaga wutsiyarta sama, farin da ke ƙarƙashi ya bayyana, sauran 'yan uwanta su gane akwai haɗari.

Wajen shekarar 1900 wannan dabba ta kusa zama tarihi. 'Yan kasuwa sun yi ta karkashe ta domin nama da fata, manoma sun sare dazuzzuka, har kiyasi ya nuna abin da ya rage a duk faɗin ƙasar bai wuce 500,000 ba. A shekarar ce majalisar ƙasar ta kafa Dokar Lacey, wadda ta haramta tsallaka iyakar jiha da naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. Jihohi suka hana sayar da naman daji, suka ƙayyade lokacin farauta da adadin da mutum ɗaya zai kashe. A 1937 aka kafa Dokar Pittman-Robertson, wadda ta keɓe harajin da ke kan dogayen bindigogi da harsasai, kashi 11 cikin 100 a yau, domin raya namun daji da mazauninsu. A 1970 aka shigar da harajin kashi 10 na bindigogin hannu cikin wannan asusu. Yau ana kiyasta barewar ta kai kimanin miliyan 30, mafarauta na kashe wajen miliyan 6 a shekara, amma duk da haka a wurare da yawa ta yi yawa har tana ɓarnar gonaki, motoci kuma na karo da ita fiye da sau miliyan ɗaya a kowace shekara.

Na kawo wannan tarihi ne domin a gane cewa mafaraucin Amurka na yau a cikin taƙaitawa ya taso. Tun 1887, lokacin da Theodore Roosevelt da George Bird Grinnell suka kafa ƙungiyar Boone and Crockett, ake yaɗa aƙidar farautar adalci, wadda ke cewa dole a bar wa dabba hanyar tsira, kada mafarauci ya toshe mata kowace ƙofa. Mai farauta da libarba ya ɗauki wannan aƙida ne ya ƙara mata tsanani a kan kansa.

Daga teburin makiyayi zuwa masana'anta

Samuel Colt ya sami rajistar mallakar fasahar libarba a Amurka a 1836, kuma shekaru da dama ana kallon ta ne a matsayin makamin mahaya doki da na kare kai. Wanda ya fi kowa fafutukar mayar da ita makamin farauta shi ne Elmer Keith, wani makiyayi kuma marubuci da aka haifa a 1899, ya yi yawancin rayuwarsa a jihar Idaho, ya rasu a 1984. Keith bai gamsu da ƙarfin harsasan kanti ba, sai ya shiga haɗa nasa. A ƙuruciyarsa ya cika wa wata libarba ƙirar Colt ɗuri har ta fashe a hannunsa. Wannan ne ya sa ya koma ga harsashin da ake kira .44 Special, domin ramukan gangar bindigarsa sun fi ƙanƙanta, ƙarfen da ke kewaye da su kuwa ya fi kauri. Ya kuma tsara wani kan harsashi na dalma mai faffaɗan baki, wanda har gobe da sunansa ake kiran sa.

Gwaje-gwajen Keith da na wani masanin ɗuri mai suna Philip Sharpe na cikin abin da ya kai kamfanin Smith & Wesson ga fito da .357 Magnum a 1935. Douglas Wesson, ɗaya daga cikin jagororin kamfanin, ya zagaya da ita yana farautar manyan namun daji domin ya nuna abin da za ta iya. Bayan shekara 20, Keith ya shawo kan kamfanonin Remington da Smith & Wesson suka fito da .44 Magnum, wadda ta shiga kasuwa a 1956. An ƙara wa kwansonta tsawon kimanin milimita 3 da gangan, domin kada ya shiga tsofaffin bindigogin da ba za su iya jure ƙarfinsa ba. Lambobin da ke cikin waɗannan sunaye na nuna faɗin kan harsashi ne a ma'aunin inci, na .44 kuwa ya kusa milimita 11. Daga baya wasu suka biyo da suka fi ta ƙarfi, irin su .454 Casull da .500 S&W Magnum ta 2003.

Abin lura a nan shi ne masana'antu a baya suka biyo. Masu ɗuri a gida su ne suka share hanya, wasu da asarar bindigoginsu, wasu da raunuka a jikinsu. Saboda haka farautar libarba da ɗurin gida tare suka taso, da wuya a ba da labarin ɗaya a bar ɗaya.

Abin da ke cikin harsashi

Harsashi abu huɗu ne aka haɗa. Akwai kwanso na farin tagulla, akwai 'yar ƙyastu da ke gindinsa wadda ke tartsatsi idan an buge ta, akwai garin albarushi, sannan akwai kan harsashin da ke fita ya sami dabba. Idan an harba, ukun ƙarshe sun tafi, kwanso ne ke saura, shi ne kuma mafi tsada a cikinsu. Libarba ba ta watsar da kwanso a ƙasa kamar sauran bindigogi, a cikin gangarta yake zama har mai ita ya zazzage shi a tafin hannunsa. Wannan ya sa ta dace da mai son sake ɗuri.

Aikin na buƙatar natsuwa fiye da ƙarfi. Mai ɗuri yakan wanke kwanso, ya duba ko ya tsage, ya matse shi da wani injin hannu ya koma girmansa na asali, ya cire tsohuwar ƙyastu ya sa sabuwa. Sai ya auna gari a kan sikelin da ke gane bambancin da bai kai kashi ɗaya cikin 100 na giram ba, ya zuba, ya ɗora kan harsashi, sannan ya lanƙwasa bakin kwanso ya cije shi. Wannan mataki na ƙarshe na da muhimmanci ƙwarai a libarba mai ƙarfi, domin tokarin da take yi idan an harba yakan sa kawunan sauran harsasan da ke cikin ganga su zamo waje kaɗan kaɗan, har ɗaya ya leƙo ya hana gangar juyawa. Mafaraucin da wannan ya same shi bayan harbin farko ya raunata dabba, ya rasa na biyun da zai ƙarasa ta da shi.

Ba da ka ake wannan awo ba. Kamfanoni irin su Lyman da Speer da Hornady na buga littattafan ma'auni bayan gwaji a ɗakunan bincike, inda suke nuna wurin farawa da iyakar da ba a ƙetarewa. Wata ƙungiyar masana'antun makamai mai suna SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ita ke ƙayyade matsin da kowane harsashi zai kai, kuma matsin .44 Magnum ya ninka na .44 Special fiye da sau biyu. Kuskure iri biyu ne masu ɗuri suka fi tsoro. Na farko a zuba gari sau biyu a kwanso ɗaya, abin da ke iya tarwatsa bindiga. Na biyu a manta ba a zuba ba, ƙyastu kaɗai ta tura kan harsashi ya maƙale a bututu, na bayansa ya zo ya tarar da hanya a toshe. Wanda bai ji bari ba, in ji Hausawa, ya ji hoho.

Me ya sa mutum zai sha wannan wahala alhali ga harsashi a kanti? Dalili na farko sauƙin kuɗi, wanda ke ba shi damar yin atisaye da ɗaruruwan harsasai a shekara. Na biyu, yana iya haɗa marasa ƙarfi domin koyon saiti, ya ajiye masu ƙarfi domin daji. Na uku, kowace bindiga da halinta, wani haɗin yakan fi wani daidaito a cikinta, kuma sai an gwada akan san na ƙwarai. Akwai kuma dalili na huɗu wanda a wurina ya fi sauran nauyi. Mai harsashin kanti idan abu ya ɓaci yana da wanda zai ɗora wa laifi. Mai ɗurin gida kuwa shi ya zaɓi kai, shi ya auna gari, shi ya ja kunama. Ya toshe wa kansa duk wata kafar uzuri.

Lissafin da ba a yi masa wayo

Bari mu dubi alƙaluma, domin su ne ke raba gardama. Kan harsashin .44 Magnum da aka fi amfani da shi na da nauyin giram 15 da rabi, kuma yana fita daga libarba da gudun kimanin mita 400 a daƙiƙa ɗaya. Na doguwar bindiga irin .30-06 bai kai giram 10 ba, amma gudunsa ya kusa mita 900 a daƙiƙa. Da yake gudu ya fi nauyi tasiri a lissafin ƙarfin bugu, doguwar bindigar ta ninka libarba kusan sau uku. Harsashin libarba kuma da wuri yake sunkuyawa: wanda aka saita a mita 50, kafin ya kai mita 200 ya yi ƙasa da fiye da rabin mita.

Wurin da ake so a samu a jikin barewa, wato huhu da zuciya, faɗinsa bai wuce santimita 20 zuwa 25 ba, kamar girman farantin cin abinci. A libarba mai dogon bututu, tazarar da ke tsakanin masaitin gaba da na baya kimanin santimita 25 ce. Ke nan idan hannu ya karkace masaitin ya goce da milimita ɗaya tak, a nisan mita 50 harsashi zai kauce da santimita 20, ya bar huhu ya sami ciki ko ƙafa. Ga shi babu kafaɗar da za a tokara bindigar, ga sanyi, ga bugun zuciya, ga ƙarar da ta haura desibel 160 wadda ke sa marar sabo ya runtse ido kafin ya gama jan kunama. Wasu kan ɗora mata ƙaramin madubin hange ko su jingina ta a kan sanda, kuma hakan na taimakawa, amma ba ya mayar da ita doguwar bindiga.

Saboda haka ne ƙwararru kan tsaya a mita 50 zuwa 70, kaɗan ne ke kai mita 100. Kusantar barewa zuwa wannan tazara kuwa aiki ne ja. Dole mutum ya san inda iska ta dosa, ya san hanyar da take bi daga makwanci zuwa wurin kiwo, ya iya zaman sa'o'i a kan itace ko a gindinsa bai motsa ba. Sau da yawa yakan ga ƙaton namiji a mita 150, wanda da doguwar bindiga ce a hannunsa da tuni an wuce wurin, amma sai dai ya bi shi da kallo. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Hanyar kisan ma daban take. Harsashin libarba ba shi da gudun da zai dagargaza naman da ke kewaye, ramin da ya huda shi ne kawai aikinsa. Wannan ya raba masu ɗuri gida biyu. Wasu sun fi son dalma mai tauri da faffaɗan baki, wadda ke ratsa ƙashi ta fita ta ɗaya gefen, ta bar rami biyu da jinin da za a bi sawu. Wasu kuma sun fi son mai rufin tagulla da rami a baki, wanda ke buɗewa kamar lema ya faɗaɗa rauni, ko da yake wani lokacin ba ya fita. Kowane ɓangare na da hujjarsa, amma sun haɗu a kan abu ɗaya: babu kan harsashin da zai gyara mugun saiti.

Hujjar masu suka

Masu adawa da wannan farauta, har daga cikin mafarauta, na da tambaya mai ƙarfi. Suna cewa idan manufa ita ce a kashe dabba cikin gaggawa, don me za a ajiye makamin da ya fi tabbas a ɗauki wanda ya fi saurin kuskure? Mafarauci ne ke jin daɗin wahalar da ya zaɓar wa kansa, amma idan ya kuskure barewa ce ke biyan kuɗin. Wadda aka harba a ciki tana iya yin sa'o'i masu yawa tana jan jiki kafin ta mutu a cikin sarƙaƙiya, inda ba mai ganin ta sai dila da hankaka.

A da akwai amsa mai sauƙi a wasu jihohi. Ohio, alal misali, ta daɗe da hana farautar barewa da dogayen bindigogi masu cin nisa, saboda ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce mai yawan gidaje da gonaki, amma ta halatta libarba muddin bututunta ya kai inci 5 kuma harsashinta bai gaza .357 ba. Daga 2014 jihar ta yarda a yi amfani da dogayen bindigogi masu cin irin waɗannan harsasai, wasu jihohin maƙwabta ma suka yi haka. Yanzu wanda ya ɗauki libarba a can, ganin damarsa ne.

Ni dai a ganina sukar gaskiya ce, amma ba ta rushe farautar ba, sharaɗi ta gindaya mata. Ƙarfin makami ba ya hana raunata dabba. Mai doguwar bindigar da bai harba ta ba tun bara, ya zo ya gwada sa'a a mita 400, ya fi mai libarbar da ya tsaya a mita 40 haɗari ga barewa. Abin da ke raunata dabba shi ne mutum ya harba a wajen iyakar iyawarsa, ko mene ne a hannunsa. Bambancin kawai shi ne iyakar mai libarba a kusa take, kuma yana cin karo da ita kullum. Hanyar sanin ta a bayyane take: ya kafa faranti a nesa, ya harba a irin zaman da zai yi a daji, da irin harsashin da zai tafi da shi. Tazarar da ya daina samun farantin a kowane harbi, nan ne iyakarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Inda nake ganin masu wannan farauta sun cuci kansu shi ne irin labaran da suke ɗaukakawa. Keith da kansa ya ba da labarin wata barewa da ya harba da .44 Magnum daga nisan yadi 600, kimanin mita 550, kuma an shekara da shekaru ana gardama a kai. Abin da masu maimaita labarin kan tsallake shi ne, a cewarsa, abokin farautarsa ya riga ya raunata dabbar da doguwar bindiga tana neman ɓacewa, kuma ba harbi ɗaya ya yi ba. Ƙoƙarin ƙarasa mai rauni ne, wanda dokokin jihohi da dama ma suka wajabta wa mafarauci. Matashin da ya ji rabin labarin ya ɗaga libarba a kan lafiyayyar barewa daga nesa ya ɗauki darasin a baibai. Haka nan mai sayen mafi ƙarfin libarba domin a ce yana da ita, alhali tokarinta ya fi ƙarfin hannunsa, ya sayi linzamin da ya fi ƙarfin bakin kaza.

Bashin dalma

Akwai wani bashin da mai ɗurin gida ke ɗauke da shi, wato dalma. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani a kan gubarta ba, tunda a 2010 ta hallaka yara kimanin 400 a ƙauyukan haƙar zinare na jihar Zamfara. Da yawa daga masu ɗuri a Amurka da kansu suke narka dalma su zuba ta a mazubi, kuma ƙurarta na iya bin hannu da tufafi ta shiga cikin gida ta sami yara. A 2008 an gano ɓurɓushin dalma a naman barewar da mafarauta suka ba da sadaka ga mabuƙata a jihar Dakota ta Arewa, har aka janye shi daga rumbunan abinci. Binciken da hukumar albarkatun ƙasa ta Minnesota ta yi a shekarar ya nuna harsasai masu tsananin gudu sun fi farfashewa a cikin nama, masu tafiya a hankali kuwa ba su kai su ba. Wannan ya ɗan sassauta wa libarba, amma bai wanke ta sarai ba. Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma baki ɗaya daga 1 ga Yulin 2019, musamman domin ceto wata babbar ungulu da ake kira kwando, wadda ke cin kayan cikin da mafarauta suka bari. Ana ƙera kawunan harsashi na tagulla zalla, kuma mai ɗurin gida ya fi kowa damar komawa gare su, tunda zaɓin a hannunsa yake.

Sai kuma batun haraji. Kashi 11 ɗin nan da ke raya namun daji a kan haɗaɗɗen harsashi ake karɓar sa, kayan haɗin da aka saya dabam dabam ba sa cikinsa. Mai ɗurin gida ke nan yana amfana da asusun fiye da abin da harsasansa ke zubawa a ciki. Mutumin da ke alfahari da ɗaukar nauyin kansa ya dace ya cike wannan giɓi ta wata hanyar, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abin da ya shafe mu

Kada mai karatu ya ɗauka ina kiran a kwaikwayi wannan al'ada a nan. Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa libarba cikin haramtattun makamai, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da lasisinsu, haka nan haɗa harsashi ba da izinin hukuma ba laifi ne. Ƙasar da ke fama da kwararar makamai kamar tamu ba ta buƙatar ƙarin ko da guda.

Amma ainihin tunanin ba baƙo ba ne gare mu. Maharbinmu na gargajiya mai bindigar ɗuri shi ke auna albarushinsa, shi ke zaɓar abin da zai ɗura, kuma ya san harbi ɗaya gare shi. Wannan ne ya tilasta masa sanin iska da sawu da haƙurin laɓewa. Da aka sami mota mai ratsa rairayi da bindiga mai aman wuta, sai wannan ilimi ya zama ba dole ba, namun Sahel kuwa suka ɗanɗana kuɗarsu. Mariri, wanda a da ke yawo garke garke a Nijar da Chadi, a shekarar 2000 aka ayyana ya ƙare a daji, sai a 2016 aka fara mayar da shi Chadi daga waɗanda aka kiwata a killace.

Barewar Amurka ta dawo daga 500,000 zuwa miliyan 30 ne domin mutane sun yarda doka ta ɗaure musu hannu. Dokar kuwa tana da iyaka: tana iya ƙayyade rana da adadi da tsawon bututu, amma ba ta bin mutum cikin daji ta gaya masa dabbar ta yi nisa. Wannan hukunci shi kaɗai zai yanke, ba ganduroba, ba shaida. Idan barewa ta tsaya a inda ya tabbata zai same ta, ya harba, ya bi sawunta har ya ɗauko ta, ya ci namanta ba tare da almubazzaranci ba. Idan kuwa ta tsaya a inda sai dai ya gwada sa'a, to ya sauke hannu ya koma gida da harsasansa shida. A ma'aunina wannan na biyun bai yi asarar ranarsa ba, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.